Me zan zuba wa ƙasa, ni da nake fara noman oganik?

Tambaya: Ina da gona kamar hekta ɗaya a yankin Zariya, da ɗan lambu a bakin fadama. Bana nake son in daina takin zamani, in noma masara da waken soya da gyaɗa, rani kuma tumatir da albasa da kabeji. A shagon kayan gona an nuna mini kwalabe da ledoji iri-iri, wai ƙwayoyin halitta ne masu raya ƙasa, ga kuma gawayi da garin dutse da ake ta yabo. Kuɗina kaɗan ne. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Yawancin abin da aka nuna maka ba ka buƙatarsa bana. Kuɗinka ya fara tafiya wajen taki na gaske, wato kashin dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, sannan wajen sinadarin fosfaras. A cikin ƙwayoyin halittar nan kuwa, guda ɗaya ce zan ce maka ka saya ba tare da shakka ba, ita ce ta waken soya. Sauran kowacce da sharaɗinta.

Ƙasar yankinmu, daga Zariya har Kano da Katsina, tana da hali da aka daɗe da sani. Abin da ya ruɓe na tsirrai da dabbobi a cikinta kaɗan ne, a gonaki da yawa sinadarin kabon bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. Zafi yana cinye shi da sauri, gara tana ɗauka, mu kuma muna kwashe kara da harawa mu kai gida, abin da ya rage a banka masa wuta lokacin sharar gona. Naitirojin da fosfaras su ne suka fi ƙaranci. To su waɗannan ƙwayoyin da ake sayarwa masu rai ne, abinci suke nema, kuma abincinsu shi ne wannan ruɓaɓɓen abu da ƙasarka ba ta da shi. Macen da ke son kindirmo takan zuba ɗan tsohon nono a cikin madara, ta kwana ta kama. Ta zuba shi a ƙwaryar ruwa, har gobe ruwa ne. Haka kwalbar nan take a jigawar da ba ta ga taki ba shekara da shekaru. Ban da haka, a giram ɗaya na ƙasa mai lafiya akwai ɗaruruwan miliyoyin bakteriya 'yan gida, waɗanda suka saba da zafinmu da farinmu. Baƙin da ka zubo daga kwalba sai sun yi gogayya da su, kuma sau da yawa 'yan gida ne ke rinjaye.

Ka yi wannan lissafi kafin ka ciro kuɗi. Masara mai kyau tana son naitirojin kusan kilo 100 zuwa 120 a hekta. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Kwalbar lita ɗaya nauyinta kamar kilo ɗaya ne, ko da kashi 5 cikin ɗari na abin da ke ciki naitirojin ne, giram 50 ke nan. Duk wanda ya ce maka kwalba ɗaya za ta maye gurbin buhu biyu na taki, lissafi ya ƙaryata shi. Busasshen kashin shanu kuwa yana da naitirojin kamar kashi 1 cikin ɗari, wato tan ɗaya ya ba ka kusan kilo 10, kuma ba duka zai sake a shekarar farko ba. Kashin kaji ya fi shi ƙarfi, yakan kai kashi 2 zuwa 3, ga fosfaras mai ɗan dama. Shi ya sa nake so ka shirya zuciyarka: masarar da aka yanke wa takin zamani rana ɗaya takan ja baya a shekarar farko da ta biyu. Da ni ne, ba zan cika hektar da masara bana ba. Zan ba waken soya da gyaɗa kaso mafi girma, in tara takin da nake da shi a ɗan yankin masara, baɗi in juya, masara ta hau inda waken ya tashi.

Idan takin bai kai a watsa ko'ina ba, kada ka watsa. Ka zuba shi a gindin shuka ko a cikin kwarin kunya kafin huɗa ta rufe shi. Manoman yankin Tawa a Nijar sun farfaɗo da fako da dabarar da suke kira tassa, wadda a Burkina Faso ake ce wa zai, marigayi Yacouba Sawadogo ya yi suna a kanta: rami mai faɗin santimita 20 zuwa 30, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu tun rani, gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru a ciki. Damina a Zariya ta fi tasu ruwa, don haka rami zai iya riƙe ruwa ya ruɓar da shuka a ƙasa mai laka, amma hikimar tara ɗan taki a inda saiwa take tana aiki ko'ina. In kana da hulɗa da makiyaya, ka bar shanunsu su kwana a gonar da rani, fitsarin da ke shiga ƙasa yana ɗauke da naitirojin da fotashiyam da ba ka samu a busasshen kashin da aka kwaso. In kuma akwai gawo a gonar, kada gatari ya taɓa shi.

Abu biyu game da taki da nake so ka riƙe da muhimmanci, domin sun shafi lafiyar masu cin amfanin. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone shuka, kuma yana ɗauke da cututtukan ciki. Ka tara shi da ganye da ƙaiƙayi, ka jiƙa daidai yadda in ka matsa a hannu zai dunƙule ba ya ɗiga, ka riƙa juyawa. Tsibin da ya yi zafi har digiri 55 na wasu kwanaki yana kashe yawancin cututtuka da 'ya'yan ciyawa. Dokar noman oganik ta Amurka ta ce in ɗanyen taki aka zuba, sai an bar kwana 120 kafin girbin abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Ma'auni ne mai kyau ga kabejinka da albasarka. Na biyu shi ne takin bola. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna amfani da shi, amma bolar yau cike take da leda da batir da kwalabe. Batir yana da ƙarafa masu guba da ba sa barin ƙasa in sun shiga. Shara daga wurin jima ta zamani ko masana'anta kuwa, ko kyauta aka ba ka, kada ta shiga lambunka.

Yanzu ga wadda na ce ka saya. Dangin wake suna ƙulla zumunci da wata bakteriya mai suna rizobiyam. Tana shiga saiwa, ta yi 'yan ƙululu, a ciki take kama naitirojin daga iska ta ba shuka, shuka kuma ta ba ta sukari. Ba sabon abu ba ne: masana a Jamus sun gano haka a wajajen 1886, kuma kafin 1900 an fara sayar da ita ga manoma. Ƙasar Brazil tana noma miliyoyin hektoci na waken soya kusan ba tare da takin naitirojin ba saboda ita, kuma a 2025 Mariangela Hungria ta Embrapa, cibiyar binciken noma ta ƙasar, ta karɓi babbar lambar yabo ta duniya kan abinci saboda aikinta a wannan fanni. Wakenmu na gida da gyaɗa sun daɗe a ƙasarmu, rizobiyam ɗin da ke dacewa da su yana nan a yawancin gonaki, don haka sau da yawa ƙara musu ba ya canza komai a mudu. Waken soya baƙo ne daga gabashin Asiya. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da irin da sunansu ke farawa da TGx, kamar TGx 1448-2E, waɗanda ke iya ƙulla zumunci da bakteriyar gida, amma duk da haka gwaji ya nuna suna ƙara yabanya in an shafa musu tasu. Shirin N2Africa, wanda jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ta jagoranta daga 2009, ya gwada wannan a gonakin manoma masu yawa a jihohin Kaduna da Kano. Rizobiyam shi kaɗai ya ƙara amfani, fosfaras shi kaɗai ya ƙara, haɗa su biyun ya fi kowanne. Akwai kuma gonakin da ba su amsa ba sam, galibi waɗanda ƙasarsu ta gaji ƙwarai ko aka makara da shuka. Rizobiyam ɗin da IITA ke haɗawa sunansa Nodumax, na waken soya ne kaɗai. Kada ka ɗauke shi ka shafa wa masara ko tumatir, asarar kuɗi ce.

Yadda ake riƙe shi ya fi sayensa wuya, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin asara su ce abin ƙarya ne. Halitta ce mai rai a cikin leda. Ledar da ta yi wata biyu a shagon kwano cikin zafin Afrilu, ko ta yini a bayan mota a rana, gawa ka saya. Ka duba ranar ƙarewar aiki, ka tambayi inda aka ajiye ta, ka kai ta gida ka sa a wuri mai sanyi, ko ƙasan firji ko gindin randa, ban da wurin ƙanƙara. Ranar shuka ka jiƙa irin da ɗan ruwan ƙaro ko ruwan sukari don garin ya manne, ka zuba gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledar, ka gauraya a inuwa har kowace ƙwaya ta yi baƙi-baƙi, ka bar shi ya sha iska kaɗan, ka shuka a ranar cikin ƙasa mai laima, kana rufewa nan take. Kada ka shafa wa irin da ba za ka shuka yau ba. Irin da aka riga aka yi wa hodar maganin fumfuna ma yana rage mata ƙarfi, kai da ke noman oganik dama ba ka buƙatarsa.

Bayan mako biyar ko shida, ka sa fartanya ka tono gindi kaɗan a hankali, kada ka fizge, ka wanke saiwar. In ka ga ƙululu da yawa kusa da uwar saiwa, ka tsaga ɗaya da farce. Ciki ja ko ruwan hoda, aiki yana tafiya. Fari ko kore, ba ya kama komai. Wannan dubawa ba ta cin ko kwabo, kuma ita ce kaɗai hanyar da manomi ke gani da idonsa cewa abin da ya saya yana da rai. Ka kula kada ka rikita su da kumburin tsutsar saiwa da ke addabar tumatir: ƙululun rizobiyam yana ɓallewa in ka murza, na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Bayan girbi, ƙwayar waken ta tafi da mafi yawan naitirojin ɗin, don haka ganye da karan su zauna a gonar, ko dabbobi su ci takin ya dawo. Waken soya yana da wani amfanin kuma: yana sa 'ya'yan ƙuduji su tsiro alhali ba za su iya kama saiwarsa ba, sai su mutu, masarar baɗi ta samu sauƙi.

Fosfaras shi ne ciwon kan mai noman oganik a yankinmu, tunda takin SSP da aka saba sa wa wake da gyaɗa ba ya cikin abin da ƙa'idar oganik ta yarda da shi. Hanyoyinka su ne kashin kaji, garin ƙashi, da garin dutsen fosfat irin wanda ake samu a Sakkwato da Tawa. Garin dutsen ba ya narkewa sai a ƙasa mai ɗan tsami, kuma a hankali yake saki, amfaninsa ya fi bayyana a shekara ta biyu da ta uku. Ya fi kyau ka barbaɗa shi a cikin tsibin taki tun yana ruɓa. A fadamar da ke da kanwa kuwa kusan ba ya yin komai. Wannan ne ya sa gwajin ƙasa ya cancanci kuɗinsa fiye da kowace kwalba. Ka ɗebo ƙasa daga wurare goma zuwa goma sha biyar a gonar, zurfin santimita 20, ka gauraya, ka ɗauki kamar rabin kilo. Na lambu daban, na tudu daban. Ka kai ɗakin gwajin ƙasa, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR nan Samaru kusa da kai, ka nemi a duba maka tsami, kabon, fosfaras da fotashiyam.

Toka tana da fotashiyam da kalsiyam, tana rage tsami, a yi ta kaɗan-kaɗan a gonar tudu. Kada a gauraya ta da ɗanyen kashin kaji, naitirojin ɗin zai tashi iska, warin da ke hawa hanci shi ne shaida. A fadama mai kanwa a bar ta. Gawayi, musamman na ɓuntun shinkafa, yana taimaka wa rairayi ya riƙe ruwa da taki, amma shi kansa ba abinci ba ne, kuma in an zuba shi tsura yakan tsotse naitirojin na ɗan lokaci shuka ta yi ɗorawa. A jiƙa shi a cikin taki ko fitsarin dabbobi na wasu makonni tukuna. Ka yi naka daga ɓuntu ko totuwar masara, ka fara da lambu, ban ga dalilin sayensa a leda da tsada ba. Dusar 'ya'yan darbejiya da ke ragewa bayan an matse mai ta fi su duka dacewa da lambunka: taki ce mai naitirojin, kuma tana rage tsutsar saiwa a tumatir. A haɗa ta da ƙasa mako biyu kafin dashe.

Sai maikoraiza, wadda na tabbata an yaba maka ita. Wani dangin fumfuna ne da ke shiga saiwa ya miƙa zare siriri cikin ƙasa, ya jawo wa shuka fosfaras da ruwa daga inda saiwa ba ta kaiwa. Amfaninta gaskiya ne, albasa da masara da dawa suna dogara da ita sosai. Sai dai tana nan a gonarka tun kafin a haife ka, abin da ke rage ta shi ne yawan kaftu mai zurfi, barin ƙasa tsirara, da yawan takin fosfaras. Kabeji da alayyafo ba sa hulɗa da ita ko kaɗan, duk wanda ya sayar maka da ita don kabeji bai san aikinsa ba ko bai faɗa maka gaskiya ba. Ga kuma matsalar inganci. Wani bincike da aka wallafa a 2022 ya gwada irin waɗannan kayan da ake sayarwa a Turai da Amurka da Ostareliya, fiye da kashi 80 cikin ɗari ba su kama saiwa ba. Mu ma a nan, wani shiri mai suna COMPRO ya gwada kayan kasuwa sama da ɗari a Najeriya da Kenya da Habasha, ƙalilan ne suka nuna amfanin da ya biya kuɗinsu. Wurin da maikoraiza ta saye za ta iya yin rana shi ne renon dashe a ƙasar da aka gasa ko aka turara, inda an kashe 'yan gida.

A bedin renon nan ne kuma tirikodama ke da amfani. Ita ma fumfuna ce, tana yaƙar cututtukan da ke sa jariran tumatir su ruɓe a gindi su kwanta. Wuri ne ƙarami, kuɗinsa kaɗan, kuma kai ke iko da ruwa da inuwa. Ka gauraya ta da ruɓaɓɓen taki kwanaki kafin ka yafa iri. Rigakafi ce, ba ta tayar da shukar da ta riga ta kwanta. Ruwan EM kuma, wato haɗin ƙwayoyin halitta iri-iri wanda Farfesa Teruo Higa na Okinawa a Japan ya fito da shi a shekarun 1980, mutane suna amfani da shi wajen tsima taki da rage wari. A gona dai, wani gwaji na shekara huɗu a Suwizalan bai ga bambanci tsakanin mai rai da wanda aka kashe ƙwayoyinsa ba. Kada ka ba shi kuɗinka na bana. Ruwan taki da ake tsimawa a duro da sukari ma ka nisanta shi daga ganyen da ake ci ɗanye.

Akwai wata guda da nake so ka sani, ko da yake ba ta ƙara yawan amfani. Aflasafe dawa ce da aka kashe tsironta, aka rina ta shuɗi, aka lulluɓe ta da irin fumfunar Aspergillus flavus marar dafi. Ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin masara ko gyaɗa ta yi fure, sai ta mamaye gonar ta hana mai dafin samun wuri. Wannan dafi, da ake kira aflatoksin, yana lalata hanta, yana tsumburar da yara, kuma shi ne ke sa a ƙi gyaɗarmu a kasuwannin waje. Tunda gyaɗa da masara za ka ci da iyalinka, kuma kana son sayar wa masu neman abinci mai tsabta, wannan ta cancanci shiga lissafinka. Ba ta ɗauke maka wajibcin busar da amfani da kyau a kan tabarma ko tamfol ba.

Duk ledar da ka ɗauka, ka karanta ta kamar mai sayen magani. Ta faɗi sunan halittar da ke ciki a fili, da adadinta a kowane giram, da shukar da aka yi ta dominta, da ranar haɗawa da ranar ƙarewa, da lambar rajistar NAFDAC, da adireshin masu yin ta. Wadda ta ce kawai "ƙwayoyi masu amfani", ta kuma yi alkawarin kashe ƙwari, ninka amfani, gyara kowace ƙasa da kowace shuka, ka mayar wa mai shago da ita. In kana da niyyar neman takardar shaidar oganik nan gaba, ka tambayi masu ba da shaidar kafin ka zuba kowane abin leda, domin wasu ana ɓoye takin zamani a cikinsu don shuka ta yi kore da wuri, kuma wannan zai iya ɓata maka shaidar.

In wani abu ya ja hankalinka duk da haka, ka saya mafi ƙanƙantar leda ka gwada shi da adalci. Kunya shida da shi, kunya shida babu, iri ɗaya, taki ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Ka maimaita a wurare uku na gonar, kada ya zama gefen da ya fi kyau ne ya samu maganin. Ka kafa turaku ka rubuta a littafi, domin zuwa Satumba ba za ka tuna wace kunya ce wacce ba. A gwajin rizobiyam ka fara shuka marar magani, sannan mai magani, don hannunka kada ya kai bakteriyar inda ba a so. Koren ganye yana ruɗi, don haka ka girbe kowane yanki daban, ka busar, ka auna a sikeli, sannan ka cire kuɗin ledar daga kuɗin ƙarin da ka samu.